Me ya sa samar da magungunan feftayid masu zobe da yawa yake da wuya?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a fannin harhaɗa magunguna. Na karanta cewa a ɗakin gwaje-gwaje inji yana iya haɗa feftayid mai zobe cikin 'yan kwanaki, amma kamfanoni suna shafe shekaru kafin su iya yin sa da yawa. In dai an san hanyar, me zai hana a samo babbar tukunya a ninka komai sau dubu? Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, ka tambayi abin da masu wannan aiki suke kwana da shi suna tashi da shi. Hanyar da ake bi a sami miligiram ɗari don gwaji an tsara ta ne domin sauri, ba a duba abin da ta ci. Idan ka ninka ta sau dubu, ɓarnarta ma ta ninku sau dubu, sannan matsalolin da ƙaramar kwalba take ɓoyewa su fito fili. Shi ya sa galibi sai an sake zana hanyar tun daga tushe, kuma wannan zanen shi ne yake cin shekarun.

Feftayid gajeriyar sarƙa ce ta amino asid. Hukumar FDA ta Amurka tana ɗaukar sarƙar da ba ta wuce amino asid 40 ba a matsayin feftayid. Mai zobe kuwa shi ne wanda aka ɗaure wani sashensa da wani sashe: kai da wutsiya, ko reshe da reshe, ko ta gadar salfa tsakanin sistin biyu, wato amino asid mai ɗauke da salfa. Ɗaurin yana sa enzayim na jiki su kasa saurin tsinka shi, yana kuma tsayar da shi a siffar da za ta kama abin da ake so ta kama. Tsohon abu ne. Oksitosin mai amino asid 9 da gadar salfa ɗaya, Vincent du Vigneaud ya haɗa shi tun 1953. Sandostatin mai amino asid 8 yana kasuwa tun 1988.

To me ya sa sai yanzu ake kukan yawa? Lissafin abin da mara lafiya yake sha ne ya canza. Tsofaffin magungunan nan allura ce ta 'yan maikurogiram, ko kuma suna aikinsu a cikin hanji ba tare da sun shiga jini ba. Linzess, maganin hanji mai amino asid 14, mafi girman ƙwayarsa maikurogiram 290 ce a rana. Mutum miliyan ɗaya su sha shi shekara guda, kilo 106 ke nan, abin da masana'anta ɗaya za ta iya. Yanzu kuwa ana son feftayid da za a haɗiya ya shiga jini, alhali hanji ba ya barin wucewa sai ɗan kaɗan. Dubi semagulutayid, maganin ciwon suga da ake sayarwa da sunan Ozempic da Rybelsus, duk da cewa shi ba mai zobe ba ne: allurar Ozempic miligiram 1 a mako ta isa, amma ƙwayar Rybelsus ana shan miligiram 14 kullum, wato 98 a mako, domin kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai yake shiga jini. Kamfanin Merck ya gwada enlisitayid, feftayid mai zobe da ake sha don rage kitsen jini ta hanyar toshe furotin PCSK9, a kan miligiram 20 a rana. Wannan giram 7.3 ne ga mutum ɗaya a shekara, tan 7.3 ga mutum miliyan ɗaya. Masu fama da yawan kitsen jini kuwa sun wuce miliyan ɗaya nesa ba kusa ba. Ka riƙe wannan tan 7.3 ɗin, za mu yi awo da shi.

Injin da ka karanta labarinsa yana aiki ne da dabarar da Bruce Merrifield ya wallafa a 1963, wadda ta ba shi kyautar Nobel a 1984. Ana kafe amino asid na farko a jikin ƙananan ƙwayoyin roba da ake kira rezin, a cire masa marufin kariya, yawanci rukunin Fmoc, a wanke, a zuba na gaba tare da sinadarin da zai tayar da shi ya kama, a sake wankewa, haka har ƙarshe. Kyawunta shi ne ba ka tace komai a tsakiya. Abin da bai kama ba ruwa ya tafi da shi. Nan kuma rauninta yake. Sarƙa mai amino asid 15 tana buƙatar mataki kusan 30. Idan kowane mataki ya yi kashi 99 cikin 100, a ƙarshe kashi 74 ne na sarƙoƙin suke daidai. Idan ya sauka zuwa 98, saura 55. Idan 95 ne, saura 21. Sauran duk suna nan manne da rezin, kowacce ta rasa amino asid ɗaya ko biyu, suna kama da maganin kamar an tsaga kara.

Don a tura kowane mataki ya kusa cika, a ɗakin gwaji ana zuba amino asid ninki biyar na abin da ake buƙata, wani lokaci ma fiye, a kuma yi ta wanki ba ƙaƙƙautawa. Wani nazari da ƙungiyar kamfanonin magunguna ƙarƙashin ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta Amurka, ACS, ta fitar a 2024 ya nuna cewa a wannan hanya kilo ɗaya na feftayid yana cin kaya kusan kilo 13,000, mafi yawansu ruwan narkarwa ne. Ƙananan magunguna na yau da kullum 'yan ɗaruruwa suke ci. Ninka 13,000 da tan 7.3, ka sami tan kusan 95,000 na sinadarai da za a saya, a adana, a kuma san yadda za a yi da su bayan sun gama aiki.

Babbar tukunya kuma tana da halinta. Rezin yana kumbura yana motsewa gwargwadon ruwan da yake ciki, kuma yayin da sarƙa take tsawo nauyinsa yana ƙaruwa. A kwalba daƙiƙa kaɗan sun isa a tsotse ruwan. A tanki mai lita dubu shimfiɗar rezin tana da kauri, ruwa yana daɗewa kafin ya ratsa, in kuma ka juya da ƙarfi ƙwayoyin su farfashe su toshe matata. Jinkirin nan ba asarar lokaci ce kaɗai ba. Muddin sarƙa tana zaune a cikin fiferidin, sinadarin da yake cire Fmoc, wuraren da suke da asfatik asid suna naɗewa su zama abin da ake kira asfatimayid, amino asid biyu na farko kuma, musamman idan akwai furolin, suna iya yin nasu ɗan ƙaramin zobe su ɓalle daga rezin su bi ruwa. Datti da ba ka taɓa gani a giram ɗaya ba sai ka same shi zaune daram a kilo goma.

Duk wannan ya shafi kowane feftayid. Inda gizo yake saƙa ga mai zobe shi ne rufe zoben.

Sarƙa tana da baki biyu masu son kamawa. Kana so kanta ya kama wutsiyarta, amma babu abin da ya hana shi kama wutsiyar maƙwabciya. Kamar mutum ne a cikin cunkoso da aka ce ya zagayo da hannuwansa su haɗu ta baya: kafin su haɗu ya riga ya taɓa na kusa da shi. Idan hakan ta faru, ka sami sarƙa biyu a haɗe, ko zobe mai ninki biyu, ko doguwar igiya marar amfani. Tsohon maganin wannan shi ne tsarma ruwa sosai. Dalilinsa na lissafi ne: idan ka rage yawan sarƙoƙi a lita zuwa rabi, saurin rufe zobe ya ragu sau biyu, saurin kama maƙwabciya kuwa ya ragu sau huɗu. Saboda haka a ɗakin gwaji an saba yin aikin a milimola 1 a lita, ko ƙasa da haka. Ga feftayid mai nauyin molekul 1,500, wannan giram ɗaya da rabi ne a lita. Mai yin miligiram ɗari ba zai ko lura ba. Mai son kilo 100 yana buƙatar lita kusan 67,000, kuma bayan an gama sai an ƙafar da ruwan ko an tace shi, maganin yana zaune a ciki awa da awanni yana iya lalacewa.

A masana'anta ana yi wa matsalar dabara. Ana zuba sinadarin tayarwa a tanki, sannan a riƙa ɗiga sarƙar a hankali, ta yadda a kowane lokaci waɗanda ba su rufe ba kaɗan ne, waɗanda suka rufe kuma suna taruwa ba sa damun kowa. Ruwan da ake buƙata yana raguwa ƙwarai, amma da sharaɗi biyu: rufewar ta fi ɗigawar sauri, zoben da ya samu kuma ya jure zama a tankin har a gama. Wata hanyar ita ce a rufe zoben tun sarƙar tana kan rezin, inda kowacce take kafe nesa da 'yar'uwarta. Sai dai hakan yana son a rage yawan sarƙoƙi a kowane giram na rezin, wato rezin ya ƙaru, tanki ya ƙaru, wanki ya ƙaru. Ka fitar da ruwan ta ƙofa ya dawo ta taga.

Abin da na fi ba muhimmanci, kuma nake ganin ana yawan wuce shi da gaggawa, shi ne zaɓen wurin da za a rufe. Zobe mai amino asid 11 da aka haɗa kai da wutsiya ana iya rufe shi a wuri 11, maganin da zai fito ɗaya ne, amma wahalar ta sha bamban. Wata sarƙar da kanta take lanƙwashewa ta kawo bakunanta kusa, musamman idan a tsakiyarta akwai furolin, ko amino asid na siffar D (yawancin amino asid suna da siffa biyu kamar hannun dama da na hagu: L da aka saba gani a halitta, da kishiyarta D), ko mai ɗauke da metil a kan naitirojin. Wata kuwa a miƙe take son zama. Ga kuma haɗarin juyewa. Amino asid na wutsiya da aka tayar, idan ya daɗe yana jira bai kama ba, yana iya juyewa daga siffar L zuwa D. Abin da zai fito nauyinsa daidai yake da na maganin, na'urar auna nauyin molekul ba za ta bambance su ba, a bututun tacewa kuma suna fitowa kafaɗa da kafaɗa. Shi ya sa ake neman a rufe a kan gilaisin, wanda ba shi da dama da hagu balle ya juye, ko a kan furolin, wanda yake da taurin juyewa. Makonnin da za a kashe ana gwada wuraren rufewa a ƙananan kwalabe sun fi kowane sabon tanki amfani.

Gadar salfa tana da nata rigimar. Linzess yana da sistin 6 da gada 3, kuma akwai hanyoyi 15 da shidan za su iya haɗuwa biyu-biyu. Ɗaya ce kawai magani. Ko dai a samo yanayin ruwa da zai bar sarƙar ta naɗe kanta daidai, ko a ba kowane biyu marufin kariya daban a buɗe su bi da bi, matakai su ƙaru. Inda kuma aka yi amfani da ƙarfe wajen ɗaurin, kamar ruteniyam ko faladiyam, sai an fitar da shi kusan kaf, domin ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan dattin ƙarfe a magani, ICH Q3D, ta iyakance kowannensu ga maikurogiram 100 a rana a maganin sha, 10 a allura.

Akwai kuma kayan gini. Feftayid masu zobe na zamani da yawa an gano su ne ta hanyar tantance biliyoyin sarƙoƙi a lokaci guda, irin tsarin RaPID na Hiroaki Suga a Jami'ar Tokiyo, daga nan masana suka cika su da amino asid da babu su a halitta don su jure hanji. Amino asid 20 na halitta ana samun su da tan. Na ƙirƙira kuwa wataƙila duk duniya ba a taɓa yin kilo ɗaya nasa ba, kuma kowanne aiki ne mai zaman kansa mai matakai da yawa. Irin wannan ba a zuba shi ninki biyar a wanke ya tafi. Masu metil a kan naitirojin kuma suna da wuyar kamawa saboda cunkushewa, su ne suke jawo wancan kashi 99 ƙasa.

Sai tacewa, wadda a ganina ita ce take yanke hukuncin ko magani zai wadatu ko ba zai wadatu ba. Abin da aka saba shi ne HPLC: a tura ɗanyen kaya ta bututu cike da garin silika, da ruwa da asetonaitiril, a ɗebi tsakiyar abin da ya fito, gefe da gefe kuma a mayar a sake turawa. Bututun ba ya ɗaukar kaya da yawa a zubi ɗaya, don haka ana maimaitawa sau da yawa. Bayan nan sai a sauya gishirin TFA, asid ɗin da ake amfani da shi a aikin, da asetet, sannan a busar a daskare, wanda zubi ɗaya yake ɗaukar kwanaki, injinan kuma faɗinsu ƙayyadadde ne. Dogaro da asetonaitiril ma haɗari ne. Ana samun sa ne a matsayin rarar aikin haɗa akirilonaitiril na robobi, kuma a 2008 zuwa 2009 da masana'antun roba suka rage aiki, ya yi ƙaranci a duniya baki ɗaya. Sababbin injina masu bututu biyu da suke mayar da gefen kai tsaye, irin tsarin MCSGP da kamfanin Bachem na Suwizalan ya girka a masana'antarsa, suna rage ruwa da asara. Taimako ne na gaske, sai dai har yanzu tacewar ce, ba a rabu da ita ba.

Zobe yana ba da sauƙi ɗaya a nan. Sarƙar da ta ƙi rufewa tana da baki biyu masu caji, halinta ya bambanta da na zobe, raba su ba wuya. Shi ya sa yake da kyau a toshe bakin duk sarƙar da ta kasa kamawa a kowane mataki, don kada ta ci gaba da tsawo. In ba a toshe ba, za ta kai ƙarshe da giɓin amino asid ɗaya, ta rufe zobenta ita ma, ta zama dattin da ya fi kowanne wuyar cirewa.

To mece ce mafita? Darasin farko ya zo daga Fuzeon, maganin HIV mai amino asid 36 da aka amince da shi a 2003. Ba mai zobe ba ne, amma ana yin allurarsa miligiram 90 sau biyu a rana, don haka kamfanin Roche ya buƙaci tan-tan a masana'antarsa ta Bolda a jihar Kolorado. Sun raba sarƙar gida uku, suka gina kowane guntu a kan rezin, suka sauke shi da marufansa, sannan suka haɗa guntayen a cikin ruwa. Gajeren guntu yana fitowa da tsabta, kuma idan haɗin guntu da guntu bai cika ba, abin da ya rage ya bambanta da maganin da amino asid goma ko fiye, ba ɗaya ba. Kamfanin Eli Lilly ya bi irin wannan hanya ga tazefatayid mai amino asid 39.

Ga masu zobe da ake sha, an ƙara matsawa gaba: a bar rezin gaba ɗaya, a gina ƙananan guntaye a cikin ruwa kamar yadda ake yin ƙananan magunguna, a kuma nemi wuraren da guntu zai daskare ya zama kiristal. Kiristal yana zaɓar irinsa ne kawai yayin da yake girma, datti ya tsaya a ruwa, kai kuma matata kawai kake buƙata. Zobe, saboda ba ya yawan lanƙwashe-lanƙwashe, ya fi miƙaƙƙiyar sarƙa yarda ya zama kiristal. Neman irin wannan wuri yana iya cin watanni, a gwada gishiri iri-iri da ruwan narkarwa iri-iri, amma idan aka dace an kawar da HPLC da busarwa a daskare a tashi ɗaya. Idan maganin na tan ne, ni nan nake zuba ƙarfina.

Kada kuma a manta da halitta, wadda ta daɗe tana wannan aiki. Saikulosforin, maganin da ya sauƙaƙa dashen gaɓoɓi tun 1983, zobe ne mai amino asid 11, bakwai daga ciki masu metil a kan naitirojin, irin waɗanda suke wahalar da mu. Ba a haɗa shi da hannu a masana'anta. Naman gwari Tolypocladium inflatum ake kiwo a tanki yana yin sa. Haka maganin kashe ƙwayoyin cuta daftomaisin daga bakteriyar Streptomyces roseosporus. Kasfofanjin kuma, maganin cutar naman gwari, zobensa daga naman gwari Glarea lozoyensis ake samu, sannan a yi masa gyara da sinadarai. Wannan hanya tana aiki ne idan halitta ta riga ta san zoben. Ga wanda ɗan Adam ya ƙirƙira, abin da ake aro shi ne enzayim. Butelas 1, wanda James Tam da abokan aikinsa a Singafo suka bayyana a 2014 daga tsiron Clitoria ternatea, yana rufe zobe a cikin ruwa da sauri ba tare da juyewar siffa ba. Iyakarsa ita ce yana neman asfarajin ko asfatik asid a wurin ɗaurin, kuma sai sarƙar ta narke a ruwa, abin da yawancin waɗanda aka tsara don sha ba sa so. Saboda haka ake sauya fasalin enzayim a ɗakin gwaji har ya karɓi kayan da ba na halitta ba.

Lafiyar ma'aikata ma tana sauya lissafi. Tarayyar Turai ta tsaurara amfani da ruwan narkarwa na DMF daga Disamba 2023, shi ne kuwa ruwan da kusan duk aikin rezin ya dogara da shi. A cikin sinadaran tayarwa da mataimakansu, an ruwaito cewa HATU da HBTU suna jawo mummunan borin jini ga masu yawan taɓa su, busasshen HOBt yana cikin abubuwa masu fashewa, kuma a 2019 masanan Eli Lilly sun nuna cewa haɗin DIC da Oxyma yana fitar da iskar sayanayid. Abin da murfin tsotse iska yake ɗaukewa a ɗakin gwaji, a tanki sai an yi masa tsari na musamman.

Abu na ƙarshe da nake so ka sani, tunda fannin da za ka shiga ke nan, shi ne lokacin sauya hanya. Kowace hanya tana da irin dattinta. Kundin magunguna na Turai ya ce a feftayid na haɗi, dattin da ya wuce kashi 0.1 cikin 100 a ba da rahotonsa, wanda ya wuce 0.5 a gano ko mene ne, wanda ya wuce 1.0 a tabbatar ba ya cutarwa. Damuwar hukumomi a nan har da yiwuwar dattin ya tayar da garkuwar jiki. Idan aka yi gwajin farko a kan mutane da kayan rezin, sannan aka koma haɗa guntaye a ruwa, sabon datti zai bayyana wanda ba a taɓa ba ɗan Adam ba, kuma sai an kawo hujjar cewa kayan biyu ɗaya ne a aiki. Idan aka jinkirta sauyin har bayan babban gwaji na mataki na uku, hujjar tana iya neman ƙarin nazari da ƙarin watanni, marasa lafiya suna jira. Shi ya sa kamfanonin da suka san aikin suke tafiyar da abu biyu a tare: rezin yana ciyar da gwajin farko, wata tawagar kuma tun a lokacin tana gina hanyar tan, domin kayan da za a ba dubban mutane a babban gwaji su fito daga hanyar da za a yi kasuwa da ita.